Na Ɗinke Katunan Biyu da Zaren Takalmi

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, kamar yadda ta bar mu nan cikin rufin asirin Allah. Allah ya sauƙaƙa miki tsayuwar wurin aiki, ya raba ki da kumburin ƙafar nan da kika ce yana damun ki da yamma. Inna tana nan lafiya, sai gwiwa da ke yi mata gardama in za ta tashi daga tabarma. Sandar da kika aiko mata ta iso, amma gaskiya ta fi amfani da ita wajen nuna mini aikin da ban yi ba. Gwaggo ta zo ta kwana uku, ta sauya wa kowane kwano wurin zama, har yau muna neman ludayi. An gyara yoyon ɗakina. Kyanwar Inna kuma ta haifi 'ya'ya huɗu a cikin kwalin da nake ajiye guntayen fata, na bar mata kwalin, don ta riga ni.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, ni da ban wuce firamare ba, alhali ga waya. Dalili ke nan: a waya, in na ɗaga murya kaɗan ko na yi magana da sauri, sai ki ce in ba Inna wayar, ki tambaye ta ko ina barci. Tun da ciwon ƙwaƙwalwar nan nawa mai hawa da sauka ya bayyana, ba ni da ikon cewa a'a sai a ce ciwo ne ya motsa. Saboda haka na zauna na rubuta wannan cikin kwana shida, shafi ɗaya a rana, bayan na taso daga shago na ci abinci. A duk kwanakin nan na yi barci cikakke, ina shan maganina na ƙwaƙwalwa a kan lokaci, Inna shaida ce. Ki duba rubutun da kyau, bai karkace ba, bai hau kan layi ba. Abin da za ki karanta maganar ƙaninki ce, ba maganar ciwo ba.

Kin san ciwon marar nan shekara biyu ke nan muna tare, amma ban taɓa kwatanta miki shi sosai ba, don kunya. Kamar an daka kwalba an zuba mini garin a mafitsara. In fitsari ya fara taruwa sai ya riƙa yanka, in na zubar in sami sauƙi na ɗan lokaci, kafin in gama ɗinke dunduniya ɗaya ya dawo. Akwai ranar da na ƙirga zuwa bayi sau ashirin da uku. Daga gida zuwa shago na san kowane bayi da ke hanya, na san wanda ƙofarsa ba ta da sakata, na san mai shagon da ke ba ni makulli ba tare da ya kalle ni ba, da wanda sai ya yi tsaki. An auna fitsarina sau nawa, kullum a ce babu ƙwayar cuta. Ciwon da awo ba ya gani kuwa, mai shi ne kaɗai shaidarsa, ni kuma shaidata ba ta da nauyi a wurin mutane.

Ban manta da likitan farko ba, kuma ban manta da fushin da kika yi domina ba. Yana saurare na da kyau, har ya sunkuyo, sai shuɗin katina na asibitin ƙwaƙwalwa ya zamo daga cikin takardu ya faɗi kan teburinsa. Na ga lokacin da idonsa ya sauya. Ya jingina da kujera, ya rufe bironsa, ya ce in rage tunani, in yawaita shan ruwa. Ruwa, ga mai zuwa bayi sau ashirin! Ranar kin yi kuka a waya, kika ce wa Inna daga yau kada wani likitan jiki ya sake ganin shuɗin katin nan, tunda da zarar sun gan shi sun daina ganin mutum. Inna ta ninke shi ta sa cikin gwangwanin maɓallanta, ta tura ƙarƙashin gado. Ƙauna ce ta sa kika faɗi haka, Yaya, ban taɓa shakka ba. Ni ma a lokacin na ce wannan dabara ce.

Da muka je wurin likitan mafitsara aka yanka mini sabon kati ruwan ɗorawa. Mutumin kirki ne, dattijo mai tabarau a kan hanci, ya ba ni lokaci, ya yarda cewa ciwon gaskiya ne, har ya zana mini mafitsara a bayan takarda. Sai ya tambaya ko ina da wata lalura, ko akwai maganin da nake sha kullum. Kafin in buɗe baki Inna ta ce babu, yaron nan ko ciwon kai bai cika yi ba. Ya dube ni ta saman tabarau yana jira. Ni kuwa na kalli takalminsa, na lura dunduniyar hagu ta fi ta dama cinyewa, na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba naki ba ne, ba na Inna ba ne, kuma ba na neman wanda zan ɗora wa. Ya rubuta mini wasu ƙananan ƙwayoyi, ya ce asalinsu maganin ciwon damuwa ne, amma in aka ba da kaɗan suna kwantar da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Da jin kalmar damuwa na buɗe baki zan yi magana, amma Inna ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Ba zan yi wa maganin nan ƙarya ba: ya yi aiki. Cikin mako biyu garin kwalbar ya koma kamar yashi. Na zauna a benci tun safe har azahar ban tashi ba, har Baba Mai Guduma, maigidana na shago, ya tambaya ko an ɗinke ni da bencin ne. Na shiga mota na je har ƙarshen layi na dawo, don kawai in ji yadda mutane ke zama babu fargaba. Kin tuna na kira ki ina dariya, kika ce kin ga amfanin shawararki. Amma a mako na uku sai barcina ya fara guntulewa kamar zaren da ɓera ke ci. Awa shida, awa huɗu, awa biyu, kuma babu gajiya. Launin fatu ya ƙara haske a idona. Ina magana ana kallon bakina. Na san alamun nan, na taɓa ganin su, amma wanda ya shekara biyu cikin azaba in ya ji daɗi ba ya son a ce masa daɗin ma ciwo ne.

Inna ta ba ki labari a gajarce, ta ce na ɗan rikice a shago. Bari in ba ki cikakke. Wata safiya tunani ya zo mini cewa duk wahalar masu ɗinkin takalma ta fito ne daga dama da hagu, kuma ni ne Allah ya nufa in ƙera takalmin da kowace ƙafa za ta shiga. Maigida ya tafi sayen fata da gam, ya bar mini shago. Kafin ya dawo na ɗauki wuƙa na raba sama da ƙasan takalman mutum talatin da ɗaya. Har da waɗanda aka kawo don a goge kawai. Har da sabon sau-cikin wani malamin makaranta da ƙusa ɗaya kawai ta fito masa. Na jera ƙasan a gefe guda, saman a gefe guda, tun daga bakin shago har kan titi, ina yi wa masu wucewa bayani. Mai gadin ma'aikatar da ke bayanmu ya zo karɓar manyan takalmansa zai shiga aiki, na miƙa masa su gida huɗu, na ce ya yi haƙuri da tsohon zamani, gobe zai taka na sabo. Da silifas ya tafi aiki ranar.

Da Maigida ya dawo bai yi ihu ba. Ya ajiye fatar, ya kori 'yan kallo, ya zauna kusa da ni ya saurari bayanin takalmin nan har ƙarshe, ya ce dabara ce babba, sannan ya roƙe ni aron wuƙar hannuna wai tasa ta dakushe. Haka ya raba ni da ita. Shi ya riƙe hannuna har asibitin ƙwaƙwalwa, na kwana goma sha biyu a can. Likitata, wadda ta san ni tun ciwon farko, ta ce wa Inna ta zazzage duk maganin da ke gidan a kan tebur. Tana ganin ƙananan ƙwayoyin ta ɗaga su ta tambayi wanda ya rubuta, da ko ya san da ita. Ta yi mana bayani a hankali cewa irin wannan magani, ga mai ciwo irin nawa, yana iya tura mutum sama ko da yana shan nasa na kullum, kuma da likitan mafitsara ya sani da ya neme ta tukuna. Inna ta rufe fuska da mayafi. Mun gudu daga gara mun faɗa gidan zago.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa: nauyin jiki, kunyar fita, kwanaki ina kallon bango. Da na iya tashi, Maigida ya zube mini buhu biyu a gaba, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, ya ce wanda ya raba aure shi zai ɗaura. Mako biyar na yi ina haɗa kowane takalmi da ƙasansa, ina kai wa mai shi da hannuna ina ba shi haƙuri. Malamin makaranta bai amsa gaisuwata ba, har yau ta ɗaya gefen titi yake bi. Mai gadi kuwa ya gwada nasa ya buga ƙafa a ƙasa, ya ce sun fi da ƙarfi, ya tambaya yaushe na sabon zamanin za su fito. Har yanzu masu shagunan layinmu Dama-da-Hagu suke kira na, ina amsawa. Ranar da na gama na ƙarshe Maigida ya mayar mini da wuƙata. Ya ce bencin nawa ne, ciwo ba laifi ba ne, ya zauna da ni da ciwona shekara huɗu bai ga abin ƙi ba. Amma ya ce ɓoyo daban ne, in na sake shan abin da likitata ba ta sani ba, ba zai ƙara sa wuƙa a hannuna ba, ko da kuwa zai rufe shagon.

To ga shi an janye ƙwayoyin, garin kwalba ya dawo wurinsa, kuma kin ji labari. Saƙon da kika ba Inna mako uku da suka wuce ya iso gare ni duka: in je wani asibitin kuɗi a can ƙarshen gari inda ba a san ni ba, a yanka mini kati na uku, in karɓi maganin nan in riƙa shan rabi, tunda wai yawa ne ya yi mini. Kin kuma ce in ban je ba, za ki samo shi a can ki ba direban da ke kawo mana saƙo. Yaya, ke kika goya ni, ke kika riƙa wanke mini allo da kayan makaranta, ban taɓa mayar miki da magana ba. Amma wannan karon a'a. Ba zan je ba, ba zan sha rabi ba, ba zan sha kwata ba. In direba ya kawo, zan karɓa in gode masa, in kai wa likitata da ledarsa ba tare da na ɓare ba. Kina jin zafin ciwona daga nesa, na sani, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ciwon mara yana tashe ni daga benci sau ashirin a rana, in dawo. Wancan kuwa in ya tashe ni, ban san ranar dawowa ba.

Bayan wayarki, da ranar komawata wurin likitan mafitsara ta matso, na duba aljihun rigar da nake ajiye katunana, na tarar da ruwan ɗorawan kaɗai, shuɗin da aka mayar mini tun kwanciyata a asibiti ya sake ɓacewa. Ban tambayi kowa ba. Na durƙusa na jawo gwangwanin maɓallai daga ƙarƙashin gado, ga shuɗin nan a ninke, an ma ɗora masa tsumma. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce ita dai ba ta son a sake wulaƙanta mata ɗa, kuma ke kika fi mu sanin asibiti. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Na tafi da katunan zuwa shago, na haɗa su baya da baya, na huda gefe da basilla, na ɗinke su da baƙin zaren nan mai kakin zuma da muke ɗinke ƙasan takalmin ma'aikata, ɗinki goma sha biyu, ɗaya don kowane kwana da na yi a gadon asibiti. Na ƙulle bakin na ƙona shi da ashana. Maigida ya karɓa ya juya, ya ja da hannu biyu kamar yadda yake gwada aikina, ya miƙo mini bai ce komai ba. A wurinsa wannan shi ne yabo.

A asibiti, matar da ke karɓar kati ta taga ta ɗaga su tana dariya, ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani, ta ɗauko almakashi wai ɗaya kawai take buƙata. Na riƙe gefen, na ce ta rubuta lambar da take so ta ba ni abina, mutum ɗaya ne mai katunan, ba a yanka shi biyu. Layi ya yi tsawo a bayana ana gunaguni, ni kuwa mara tana yanka ni, amma ban saki ba sai da ta ajiye almakashin. Da na shiga, na ɗora su a gaban likita shuɗin yana sama, na gaya masa abin da muka ɓoye da abin da ya faru, ina kallon bironsa ko zai rufe shi kamar na farko. Bai rufe ba. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce ya yi baƙin ciki, kuma da ma ya sake tambayata ni kaɗai bayan Inna ta fita. A gabana ya kira likitata a waya suka yi magana mai tsawo. Sun ce maganin ba guba ba ne, akwai masu irin ciwona da ake ba su in likitocin biyu suna sa ido tare, amma ni da ya riga ya ɗaga ni sau ɗaya, ba yanzu ba, kuma ba a ɓoye ba har abada.

Ga abin da muke yi yanzu. Na bar shayi, na bar lemon kwalba, na bar barkono da duk abu mai tsami, abincina ya zama kamar na jariri, Inna tana dafawa tana tsaki. Ina da ɗan littafi a aljihu ina rubuta lokacin da na shiga bayi da abin da na ci, ana koya mini jinkirtawa kaɗan-kaɗan. Ina ɗora gorar ruwan ɗumi a mara in na dawo gida. Wata mai zuwa za su gwada wani magani da ake zurawa kai tsaye cikin mafitsara ta siririn bututu, ina jin tsoronsa, amma zan je. Ba zan ce miki na warke ba. Jiya sau goma sha shida na tashi daga benci, kuma akwai ranakun da nake cije leɓe har ya fashe. Likitan bai yi mini alkawari ba, na kuma fi yarda da shi saboda haka. Amma duk takalmin da aka kawo jiya ya koma wa mai shi a haɗe.

Kin yi gaskiya cewa akwai likitocin da in sun ga shuɗin kati sun daina ganin mutum. Zan sake haɗuwa da irinsu, na sani. In na haɗu da su zan tashi in nemi wani, da katunana a ɗinke, ko sau nawa ne. Haƙurin layi ba baƙona ba ne. Abin da nake roƙonki, ki kira ni ran Lahadi, ni, ba Inna ba. Ki tambaye ni barcina, zan gaya miki gaskiya, in kuma kin ji muryata ta fara gudu ki faɗa mini kai tsaye, na ba ki wannan izinin, na ba Maigida ma. Amma kada ki sake cewa Inna ta nemo gwangwani. Ta riga ta gwada zaren da haƙori ran nan tana zaton ban gani ba, ta ajiye, ta ce wannan ɗinkin sai dai a binne ni da shi. Na ce mata amin, bayan shekaru masu yawa.

Tare da takardar nan direba zai ba ki ƙulli. Takalmi ne na yi miki da fata mai laushi, na faɗaɗa gaban saboda kumburin ƙafarki, na sa ƙasa mai taushi don tsayuwar aiki. Da awon tsohon silifas ɗinki da kika bari a bayan ƙofa na yanka. Ki kwantar da hankalinki, ɗaya na dama ne ɗaya na hagu, na duba sau biyu.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce ina godiya da haƙurinsa da wayoyinmu. Ki gaishe da Babban Yaro, ki ce ya riƙe karatu ya wuce inda kawunsa ya tsaya. Ki shafa mini kan Tagwaye, da Sarkin Surutu wadda na ji an ce ta fara ƙirga har goma tana tsallake bakwai. Inna tana gaishe ku, ta ce a gaya miki ba ruwanta, ita ma an fi ƙarfinta. Gwaggo da Baba Mai Guduma suna miƙa tasu gaisuwar. Allah ya haɗa fuskokinmu cikin alheri, ya bar zumunci.

Ni ne ƙaninki mai jin maganarki a komai ban da wannan,
Auta